Zauren Tambaya da Amsa: Ɗan kwangila ne ni ko ma'aikaci?

Assalamu alaikum jama'a. Tunda aka shiga 2026 wayata bata huta ba, kuma in saƙo goma ya shigo toh bakwai maganar haraji ce. Wannan karon na tsamo guda biyar daga ƙauyukan Kano da Jigawa, duk na mutanen da abincinsu yake fitowa daga ofishin gwamnati amma sunansu baya cikin takardar albashi. Kamar kullum na cire sunaye na bar gari kawai. Bismillah.

TAMBAYA TA FARKO

Malam barka da aiki. Ni kafinta ne ina da ɗan shago a wani ƙauye kusa da Jahun, yara huɗu ne a ƙarƙashina. Bara an bani aikin bencinan firamare na naira miliyan 4, katako a Kano na siyo ni da yarana muka haɗa muka kai har makaranta, toh da aka tashi biya sai naga abinda ya shigo akawun ya gaza da kusan dubu ɗari shida, naje wajen akanta yace haraji ne da ritenshan haka doka tace, ni kuma ban san me zance masa ba tunda bokona bai yi nisa ba. Gashi yanzu ance za a ƙara bani wani aikin kuma ana ta cewa an canza dokar haraji gaba ɗaya. Dan Allah me da me ake cirewa, kuma kuɗin nan ya tafi kenan?

Mai karatu daga yankin Jahun

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Akanta bai yi maka ƙarya ba amma bai faɗa maka rabin zancen ba ma. Abubuwa huɗu ne aka cusa a buhu ɗaya aka kira su haraji, kuma ba dukkansu ne suka tafi ba.

Bari in ƙiyasta maka yadda baucar take. In an ɗauka miliyan 4 ɗin nan har da VAT a ciki, toh VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya ko aiki, kashi 7.5 ne, zai ci wajen naira dubu 279. Sai witoldin, wato harajin da mai biya yake tsakura tun kafin kuɗi ya iso hannunka, in kashi 2 aka cire zai kama wajen dubu 74. Sai kuɗin kan sarki da ofisoshi suka saba cire kashi 1, dubu 40 kenan. Sai ritenshan kashi 5, dubu 200. Haɗa su kaga ka doshi dubu 593, kusan abinda ka faɗa.

Ritenshan ba haraji bane ko kaɗan. Kuɗinka ne aka riƙe dan in benci ya ɓalle kafin wa'adi a samu abin gyara, in wa'adin da aka rubuta a takardar kwangila ya cika ka rubuta takarda ka nema. Mutane da yawa barinsa suke yi dan basu san nasu bane, wasu kuma kunya suke ji wai kar ace sun cika naci a hana su aiki na gaba. Dubu 200 fa. Kaje ka nema.

Witoldin kuma nan ne zancen yake da daɗi a gare ka. Ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025 ta sauko da na masu kawo kaya daga kashi 5 zuwa kashi 2, ginin hanya da gada da gidaje shima kashi 2, aikin bada shawara irin na ƙwararru kashi 5. Amma a cikin wannan ƙa'idar akwai jerin abubuwan da aka ce kar a cire musu komai, kuma ɗaya daga ciki shine kayan da mai kawowar shi ya ƙera su da kansa. Wanda ya shiga kasuwa ya sari benci ya kawo, a cire masa kashi 2. Kai da ka siyo katako ka fere ka buga ƙusa a shagonka, lissafinka daban ne. Sai dai akanta ba zai san haka ba in takardarka "kawo benci" kawai tace, dan haka wannan karon tun a kwateshan ka sa a rubuta cewa ƙerawa ne da kawowa, ka ajiye rasiɗin katako da fenti, in da hali har hoton aikin a shago.

Wanda aka riga aka cire maka bara shima bai ɓata ba. Witoldin kafin alƙalami ne na harajinka na shekara, kamar ka bawa mai shago wani abu ya ajiye kafin ka zo ɗaukar kaya. Dole wanda ya cire ya baka rasiɗi, kuma wannan ƙa'idar tace da rasiɗin zaka iya zuwa hukumar haraji a rubuta maka shi ko da ofishin da ya cire bai kai kuɗin ba tukuna, bashin ya koma wuyansu. Da can kuwa sai kaji mutum yana ta safa da marwa tsakanin sakateriya da ofishin haraji ana ce masa kuɗi bai shigo ba. Tunda kai ba kamfani bane, naka hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Jigawa yake zuwa, can zaka kai rasiɗin.

VAT ɗin ne ya fi ƙona min rai wallahi, domin a ƙa'ida ba daga aljihunka ya kamata ya fito ba, mai siye ne yake biyansa. Da aikinka miliyan 4 ne, sai a rubuta miliyan 4 da dubu 300, ofis ya riƙe dubu 300 ɗin ya kai wa gwamnatin tarayya kai ka tafi da naka cif. Da ka rubuta miliyan 4 ƙurmus sai aka ɗauka da shi a ciki, ribarka ta biya. Kuma tun dokar kuɗi ta 2019 an yafe wa ƙananan 'yan kasuwa ɗawainiyar VAT, sai dai a aikace ofisoshi da yawa cirewa kawai suke yi kowa da kowa. Kafin ka sa hannu a sabon aikin ka tambaya ƙarara, kuɗin nan da VAT a ciki ko babu? Tambaya ɗaya ce amma ta fi maka yinin aiki goma.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Malam. Ni mace ce ina aikin shigar da bayanai a kwamfuta a wani sashen lafiya shekara uku kenan, a takarda kwansaltan aka rubuta mana ana sabunta mana duk wata shida, ana bani dubu 65 a wata ana cire kashi 5. Yanzu ance wai za a daina cire wannan a mayar damu tsarin PAYE kamar sauran ma'aikata, ƙawata da take karɓar dubu 150 tace cutarmu za ayi mu ƙi yarda. Ni dai tsoro nake ji kar ɗan abinda nake kaiwa gida ya ƙara raguwa. Mu ƙi ko mu yarda?

'Yar'uwarku daga Dambatta

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ke da ƙawarki ba jirgi ɗaya ya ɗauko ku ba, dan haka kar ki bi ta a wannan.

Ɗauko biro. Dubu 65 sau 12 ya baki dubu 780 a shekara. Sabuwar dokar haraji da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, tace naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Kinga ke a tsarin PAYE, wato cire haraji daga albashi duk wata, ko sisi ba za a cire miki na haraji ba. Yanzu kuwa ana cire miki 3,250 duk wata, dubu 39 a shekara, kuɗin da sai kin cike fom kin bi layi kafin ki ce a dawo miki da shi, kuma na san baki taɓa yi ba. Toh ina cutar?

Ita ƙawar taki dubu 150 sau 12 miliyan 1 da dubu 800 ne. A cire dubu 800 na farko saura miliyan 1, a kansa kashi 15, dubu 150 a shekara, wato 12,500 a wata kafin a rage mata rangwamen kuɗin haya da na fansho in tana da su. Yanzu 7,500 ake cire mata. Dan haka ita tana da dalilin ƙorafi, duk da itama in ta bi ƙa'ida kashi 5 ɗin nan ba shine ƙarshen harajinta ba, ya kamata kafin 31 ga Maris na kowace shekara ta kai lissafinta ta cika ragowar. Kawai dai ba a saba bin mutane bane shi yasa ake ganin kamar an gama.

Amma ni ba lissafin ne ya fi damuna ba. Tambayar da ke ƙarƙashin taki ita ce, shin ke ɗin kwansaltan ce da gaske? Sunan da aka rubuta a takarda ba shi yake yanke hukunci ba, yadda aikin yake tafiya ne. Kotun Ƙoli ta Najeriya a 2008, a shari'ar Shena Security da Afropak, ta jero abubuwan da ake dubawa, kuma duk abubuwa ne da ke kanki zaki iya amsawa kina zaune. Albashi ake baki duk wata ko kuɗin aiki in kin gama? Kwamfutar ta waye, taki ko tasu? Wa yake ce miki ki zo ƙarfe takwas ki tashi ƙarfe huɗu? In yau baki da lafiya zaki iya turo ƙanwarki ta zauna a kujerarki ta yi aikin? A ofishinsu kike yi ko a ɗakinki? Mai gyaran janareto da ake kira in ya lalace, ya zo da sifanarsa ya gyara ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani wajen, wannan ɗan kwangila ne ba musu. Wadda ta shekara uku a kujera ɗaya tana sa hannu a rajistar zuwa aiki tana neman izini kafin taje suna, ko an rubuta mata kwansaltan da manyan baƙi, kamannin ma'aikaciya ne da ita.

Me yasa sai yanzu suka farga? Ba tausayinku bane. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta ɗora tara mai nauyi a kan wanda ya kamata ya cire haraji bai cire ba, kashi 40 na abinda bai cire ɗin ba, dan haka duk akanta mai hankali yanzu kansa yake karewa.

Shawarata, ki yarda, amma ku haɗu ku tambaya a rubuce, tunda an ce mu ma'aikata ne wajen haraji, toh wajen hutu da hutun haihuwa da fansho fa? Kar ku bari a yi muku riga biyu, ta ma'aikaci ranar cire kuɗi ta ɗan kwangila ranar neman haƙƙi. Kuma ki lura dubu 65 ɗin nan bata kai mafi ƙarancin albashi ba, na ƙasa dubu 70 ne tun 2024, gwamnatin Kano ma dubu 71 ta sanar. Ban ce kije ki ɗaga murya gobe da safe a sallame ki ba, na san yadda aikin wata shida-shida yake, a hankali ake bi. Amma ki sani akwai kotun ma'aikata ta ƙasa kuma tana da reshe a Kano, irin wannan maganar ce aikinta.

TAMBAYA TA UKU

Malam ina gaisuwa. Jikana ne yake rubuta min. Ɗana yana Ingila shekara takwas yana aikin kwamfuta, da yana aiko mana da abinda ya ishe mu har da na taki da damina. Tun da ya koma yi wa wata hukumar gwamnatin can aiki sai aike ya ragu sosai, na tambaye shi yace wai wani abu ne IR35 ya cinye masa kuɗi. Mahaifiyarsa tace ƙarya yake matarsa ce ta hana. Ni dai ban taɓa jin gwamnati ta ba mutum aiki kuma kuɗinsa ya ragu ba. Akwai wannan abu ko dai yaron ya fara yi mana wayo?

Dattijo daga Roni

AMSA

Allah ya ƙara girma Baba, ina gaida Inna. A sassauta wa surukar nan, abin da ɗanka ya faɗa akwai shi, kuma ya girmi zuwansa Ingila ma.

Ga yadda yake. A can mutum mai sana'a irin tasa yakan buɗe ɗan kamfani nasa shi kaɗai, shine mai shi shine ma'aikacin. Wanda yake yi wa aiki sai ya biya kamfanin ba shi ba, shi kuma ya yanka wa kansa ɗan ƙaramin albashi sauran ya ɗauka a matsayin ribar kamfani, wadda harajinta ya fi sauƙi kuma ba a cire mata kuɗin inshorar ƙasa da ake cire wa masu albashi. Gwamnatin Birtaniya ta ga mutum ne zai bar aiki ranar Juma'a ya dawo Litinin kujera ɗaya tebur ɗaya amma yanzu wai kamfani ne, sai ta kawo wannan doka a watan Afrilun 2000. Sunan ma daga lambar wata takardar sanarwa ce ta hukumar harajinsu, ta 35, ba wata ma'ana ce da shi ba.

Shekara 17 ana tafiya mai kamfanin ne da kansa yake cewa ni ɗan kwangila ne ko ni kamar ma'aikaci nake, kaga kuwa an ba kura ajiyar nama. Ranar 6 ga Afrilun 2017 aka juya abin ga duk wanda yake yi wa hukumar gwamnati aiki, asibitocinsu na NHS da ƙananan hukumomi da ma'aikatu, aka ce daga yau hukumar ce zata yanke, kuma in aka yanke ba daidai ba bashin harajin a wuyan mai biya yake. A 2021 aka faɗaɗa zuwa manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu. A Satumban 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng yace zai soke gyaran, ko wata ɗaya ba a rufa ba wanda ya gaje shi Jeremy Hunt yace ba a soke ba, yana nan.

Toh da aka ce in kayi kuskure kai zaka biya, me kake zaton hukumomin zasu yi? Da yawa sai suka ga gara kawai su ce wa mutum kana cikin IR35, wato kamar ma'aikaci kake, a wuce wajen. Tsoron nasu ba na banza bane, ma'aikatar ayyuka da fansho ta ƙasar ita kanta sai da ta biya sama da fam miliyan 80 saboda ta tantance mutanenta ba daidai ba. Duk wanda aka ce yana ciki, tun kafin kuɗi ya iso shi ake cire harajin albashi da inshorar ƙasa, kuma a Ingila harajin kashi 20 ne ya hau 40 ya hau 45 gwargwadon samu. Abin takaicin, an cire masa kamar ma'aikaci amma wannan bai bashi hutun shekara da kuɗi ko kuɗin jinya daga hukumar ba, in kwangila ta ƙare kuma sai wata. Dan haka Baba eh, mutum zai iya komawa aikin gwamnati a can abinda yake shiga aljihunsa ya ragu.

Abu ɗaya zaka iya ce masa, wataƙila ma ya sani. Tun 2021 dole hukumar ta bashi hukuncin a rubuce da dalilanta, in bai yarda ba ya ƙalubalanta, su kuma su amsa cikin kwana 45. Abubuwan da ake dubawa kusan irin waɗanda na lissafa wa 'yar Dambatta ne a sama, wa yake juya shi, zai iya turo wani a madadinsa, dole ne su bashi aiki shi kuma dole ya karɓa. Maganar taki kuma, ka kira shi ku biyu ba tare da Inna a kusa ba ka faɗa masa buhu nawa gonar take ci, ina ganin za ku daidaita.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam ni matashi ne ina ɗan taɓa kwangilar kwalbati da gyaran rijiyar burtsatse, amma bani da kamfani, takardun wani Alhaji nake ara in an biya a akawun ɗinsa ya cire nasa ya bani saura. Shekara huɗu muna haka lafiya lau. Yanzu yace ya daina wai sabuwar doka zata jawo masa matsala. Abokaina wasu sunce in yi rajistar sunan kasuwanci ta fi arha wasu sunce in yi limitid wai yanzu ƙananan kamfani basa biyan haraji kwata-kwata. Wanne zan yi?

Ƙaninku daga Sumaila

AMSA

Ƙanena, Alhaji ya yi maka gata bai sani ba. Shekara huɗu kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Ba kason da yake cirewa nake nufi ba, wannan kun yi ciniki. Duk witoldin da aka cire a ayyukan nan da guminka aka biya amma da sunan kamfaninsa aka rubuta, shi yake rage harajinsa da shi, shi yake karɓar takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da ake nema kafin a ba mutum aiki, shi kuma yake da tarihin ayyuka a fayil. Kai a idon gwamnati ko kwalbati ɗaya baka taɓa yi ba. Kayan aro dama baya rufe katara.

Shima Alhajin yana da gaskiyarsa. Duk kuɗin da ya ratsa akawun kamfaninsa cinikinsa ne a lissafin hukuma, in irinku biyar ne kuke ara sai ku tura shi ya haye layin ƙaramin kamfani ya faɗa inda ake biyan kashi 30 na riba da ƙarin kashi 4 na harajin raya ƙasa, a kan kuɗin da bai ci ba. In kwalbati ta rufta kuma sunansa za a kira.

Yanzu zaɓin naka. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a wajen haraji kai da ita abu ɗaya ne. Hukumar harajin jihar Kano ce take da kai, ana lissafa maka kamar kowane mutum, ribar da ta rage bayan ka cire siminti da rodi da lebura da mota, dubu 800 na farko kyauta, miliyan 2 da dubu 200 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga wanda ya haura miliyan 50. Ka lura riba nace ba kuɗin kwangila ba, shi yasa littafin da zaka dinga rubuta abinda ka kashe ya zama dole, ko na ɗalibai mai shafi 60 ne.

Limitid kuwa mutum ne daban da kai a idon doka, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗewa. Harajinsa na tarayya ne, wajen hukumar da aka sani da FIRS wadda yanzu ta koma NRS, ko da kuwa ƙaramar hukuma ce ta baka aikin. Abokanka basu yi ƙarya ba, ƙaramin kamfani harajin ribarsa sifili ne, da can sai cinikinsa bai haura miliyan 25 ba, sabuwar doka ta ɗaga layin sama. Amma abinda basu faɗa maka ba, rashin biya daban rashin kai lissafi daban. Dole duk shekara ka kai lissafi cikin wata shida da rufe shekarar kamfanin ko da aiki ɗaya baka samu ba, in ka ƙi tara ce naira dubu 100 a watan farko sannan dubu 50 duk watan da ya biyo. Ga rahoton shekara na CAC, ga kuɗin akantan da zai haɗa maka. Kuɗin kamfani kuma ba aljihunka bane, in ka ɗauka a matsayin albashi PAYE ta hau, in rabon riba ne a cire kashi 10. Sannan ofis zai iya cigaba da cire maka witoldin duk da harajinka sifili ne, sai ka bi ka nemi a dawo da shi. Na sha ganin samari sun buɗe limitid saboda ciyaman ya yi musu alƙawari, ciyaman ya sauka, kamfani ya kwanta shekara biyar tara tana taruwa ba wanda ya waiwaya sai ranar da aka zo neman takarda.

Wani abu kuma ga masu karatu injiniyoyi da safiyo da lauyoyi da akantoci, wannan sassaucin ba naku bane, doka ta cire masu aikin ƙwararru daga cikin ƙananan kamfanoni komai ƙanƙantar cinikinsu.

Ni dai da ni ne kai, a matakin kwalbati da burtsatse, da sunan kasuwanci zan fara in buɗe masa akawun nasa daban, in tara rasiɗan witoldin da sunana, in samu takardar shaidar biyan haraji ta kaina. Ranar da ka fara hangen aikin jiha mai kauri ko na tarayya, inda za a nemi limitid da takardun hukumomin fansho (PenCom) da horar da ma'aikata (ITF) da inshorar ma'aikata (NSITF), lokacin sai ka haye. Amma kafin ka kashe ko kwabo kaje ofishin da suke baka aikin ka tambayi me suke karɓa, dan wasu tallan kwangilar limitid kaɗai suke yarda da shi. Kuma ku rabu da Alhaji da mutunci, ka roƙe shi ya rubuta maka takarda cewa kai ka gudanar da ayyukan nan, zata yi maka amfani.

TAMBAYA TA BIYAR

Malam ni abinci nake dafawa in ana taro a sakateriya a biya ni daga baya. Yanzu sunce ba zasu ƙara bani ba sai na kawo lambar haraji, ni kuma ance in na yi lambar gwamnati zata dinga ɗibar kuɗi a akawun ɗina. Gaskiya ne?

Uwar marayu daga Babura

AMSA

Hajiya Allah ya raya marayu ya sa albarka. Yin lamba baya buɗe wa kowa ƙofar akawun ɗinki, haraji a kan riba yake ba a kan kuɗin da ke ajiye ba, kuma in ribar shekara bata haura dubu 800 ba babu abinda ake binki. Rashin lambar ne ma yake cin kuɗi, domin wanda bashi da ita ninki biyu ake cire masa na witoldin. Su kuma 'yan sakateriya ba wulaƙanci suke miki ba, sabuwar doka ta sa tarar naira miliyan 5 a kan hukuma ko kamfanin da ya ba wanda bashi da rajistar haraji kwangila. Yanzu an haɗa lambar da NIN, dan haka ki ɗauki katinki na ɗan ƙasa kije ofishin harajin jiha mafi kusa, ki tafi da ɗaya daga cikin yaran da ya iya karatu ya rubuto miki lambar a takarda biyu, ɗaya ki kai sakateriya ɗaya ki sa a ƙasan akwati.